Sunan da Na Jawo wa Lawali

Bana shekara bakwai ke nan cif da muka kai Lawali makwancinsa a bayan garin Matameye. Na san da yawa cikinku za ku ce wane Lawalin, don masu wannan suna a ƙasar Damagaram sun fi a ƙirga. Ɗan jaridar nan nake nufi, mai shirin muhalli a gidan rediyo, wanda ke yawo ƙauye-ƙauye da makaɗa a bayan mota. In har yanzu ba ku gane shi ba, to bari in faɗi abin da ba na son faɗa: Kare. Yauwa, ai na san yanzu kun gane shi, kuma ganewar nan taku ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Ni sunana Iliya, sana'ata fenti da rubutun alluna, rumfata tana nan kusa da tasha. Lawali taubashina ne, ɗan Kawu Alhaji Mamman, wan mahaifiyata. Kun san taubasai, ba a faɗa kuma ba a zaman lafiya. Tun muna yara ban taɓa kiransa da sunan arziki ba, shi ma bai taɓa raga mini ba. Amma sunan Kare ba cikin wasa na sa masa shi ba. Kuskuren hannuna ne ya jawo, sunan ya manne masa ya bi shi har kabari, ya ɓata tsakaninsa da mahaifinsa, kuma har ya koma ga Allah ban buɗe baki na ce ya yafe mini ba. Abin yana cin raina, na faɗa ba na jin kunya.

Kawu ɗan kasuwa ne gaba da baya, hatsi da gyaɗa ya gada daga iyayensa a Damagaram, kuma burinsa ɗansa na fari ya zauna a shago. Shi kuwa Lawali da cuta biyu aka haife shi, tambaya da kiɗa. In aka aike shi sayen mai ya ji kalangu a wata unguwa, to miyar ranar sai dai a sha ta lami. In kuwa ya tsare ka da tambaya, sai ka rantse alƙali ne ya turo shi. Da ya gama lise, wato babbar sakandare, ya ce zai tafi Yamai karatun aikin jarida, Kawu ya amince ne kawai don yana zaton wata rana zai gan shi a talabijin cikin kwat yana karanta labarin ministoci. Sai ga shi ya dawo gida da 'yar na'urar ɗaukar murya wadda ba ta fi sabulun wanki ba, wani ƙaramin gidan rediyo na nan garin ya ɗauke shi, aka miƙa masa shirin da kowa ke gudu, wato shirin muhalli na ranar Talata.

Kalmar muhallin ma kanta ta ba shi wahala. Mu a wurinmu muhalli gida ne, inda mutum ke ajiye haƙarƙarinsa. Makon farko da ya ce a bugo waya a yi tambaya, wani tsoho daga Dawce ya bugo yana so ya ji ko a nan ne ake rubuta sunan masu neman fili. Ga shi kuma Lawali na lokacin magana yake kamar mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ɗumamar yanayi, kwararowar hamada, kowace jimla da ɗan Faransancinta a wutsiya. Inna, mahaifiyarsa, ita ce kaɗai na sani ba ta fashin shirin. Ta ce shiri ne mai albarka, don ba ta taɓa kai ƙarshensa ido biyu ba. Ni kuma na ba shi shawara ya riƙa kai kaset ɗin gidan likita saboda marasa lafiyar da ciwo ya hana runtsawa. Ya ce zai yi tunani, bayan na koyi rubuta «Bismillahi» a jikin mota ba tare da ya karkace ba.

A ƙauyen Ɗan Barto idonsa ya buɗe. Ya je ɗaukar rahoto kan sassaben zamani, wato manomi in yana sharar gona ya bar 'yan tohon gawo da sauran itatuwa ya rene su, maimakon ya bi su da gatari duka. Ya tsare wani manomi rabin yini, duk abin da ya samu a na'urarsa «haka ne» da «to madalla». Yana shirin komawa sai ya ji gurmi a gindin wata bishiyar bedi. Wani makaɗi ne, Bawa, yake yi wa wani mutumin garin zambo don ya sare ƙaton gawo a gonarsa ya sayar, bana kuma gonar ta ƙi. Gari ya taru ana ta dariya, mai gonar kuwa an ce sai da ya yi kwanaki yana bin bayan gida in za shi masallaci. Lawali ya dawo ya same ni a rumfa, ya ce wata shida yana wa'azin gawo ko akuya ba ta ji shi ba, mutum ɗaya da ɗan ƙoƙo da tsirkiya biyu ya gama aikin kafin shayi ya huce. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ya yanke shawarar zai fito da shirin fili, a kafa amsa-kuwwa, ya karanta rahoto, makaɗa su amsa da waƙa, rediyo kuma ta watsa kai tsaye.

Nan na shigo labarin, kuma ina roƙonku ku yi mini adalci. Ya kawo mini farin ƙyalle da 'yar takarda ya ce in rubuta «Wasan Kare Muhalli», da rana da wuri, ya wuce ƙauyuka tattaro makaɗa. Ƙyallen gajere ne, wannan ba laifina ba ne, rowarsa ce. Ni kuma na ɗauko babban buroshi don a hango daga nesa. Na ja WASAN KARE da jan fenti, manya-manya, sai na duba na ga ƙyalle ya ƙare. Na matse «muhalli» a ƙasa da ƙaramin buroshi, wanda sai mutum ya matso ya ƙanƙance ido zai gan shi. Sannan ku tuna, rubutun boko bai bambanta kare mai haushi da kare na tsaro ba, baki ne ke bambantawa, ƙyalle kuwa ba shi da baki. Na rataye shi a bakin tasha ranar kasuwa, na koma na sha furata da zuciya ɗaya. Za ku ce ai an yi sanarwa a rediyo yadda ya kamata. An yi, amma a cikin shirin Lawali aka yi ta.

Mutanenmu sun san wasan kura, sun san wasan biri, sun san na maciji, amma wasan kare ba su taɓa gani ba, don haka ba wanda ya yarda a ba shi labari. Ranar wasan, tun azahar amalanken shanu ke shigowa daga Tsauni da Dawce. Da safiyar ranar limamin unguwarmu ya je har zaure ya sami Kawu, ya ce: «Alhaji, maganar kiɗan ma ba mu gama ta ba, ashe yaron nan har ya kai ga kare?» Kawu ya sa takalmi ya fito ya ga abin da idonsa.

Bayan la'asar filin gaban lakwal ya cika maƙil. Har da wani maharbi da ya zo da karensa a ɗaure da igiya, wai ko za a yi gasa. Bawa ya yi waƙa ɗaya, ya yi ta biyu, sai gunaguni ya fara tashi, ana cewa kiɗa ya isa a fito da karen. Lawali ya rasa gane kan zancen, har wani ya nuna masa ƙyallen da aka ciro daga tasha aka ɗaura a bayansa. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya bi taron da ido har ya gano ni a bayan wani amalanke inda na laɓe. Kallon da ya yi mini ranar, har yau ban manta da shi ba.

Hausawa sun ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya ɗauki mikro ya ce: «Jama'a, kun zo ganin kare, to ga shi a gabanku, ni ne. Aikin kare tsaron gida. Daga yau duk mai sare gawo ɗanye, da mai zuba leda a tabki, ya saurari haushina ran Talata.» Yana rufe baki amsa-kuwwa ta yi wata ƙara, karen maharbi ya firgita ya kama haushi ba ƙaƙƙautawa, wata tsohuwa ta ce ai ga ɗan'uwansa nan ya amsa. Fili ya kece da dariya. Bawa, da yake shi ba ya barin ƙarfe ya huce, ya ja gurmi ya ɗora: «Kare mai kare gawo, mai gatari sake hanya.» Kafin a ankara mata sun karɓe amshi. A cikin wannan hayaniya Lawali ya karanta rahotonsa kan awakin da ke mutuwa da leda a tumbi, kuma karo na farko a rayuwarsa aka saurare shi har ƙarshe, don kowa na jiran ya ji wa za a yi wa haushi. Da na waiga inda Kawu yake tsaye, sai na ga ya tafi.

Shirin ya tashi daga ranar, sunan ma ya tashi tare da shi. Gari bai tsaya kan Lawali ba. Kawu, mutumin da ya je Makka sau biyu, wanda ake tashi tsaye in ya shigo rumfar hatsi, sai ga shi ana ce masa Baban Kare a bayan ido, wani lokaci ma idon na kusa. Kusan shekara biyu Kawu ba ya amsa gaisuwar ɗansa sai da ka. Ni kuwa in na durƙusa na gaishe shi, «lafiya» ɗaya nake samu, busasshiya. Na sha cewa gobe zan je in ba Lawali haƙuri, amma da na gan shi sai bakin taubashi ya riga na mutum fita, in ce masa ina ƙashi, ya ce yana nan ya ajiye mini rabi. Laifi tudu ne, na taka nawa na yi shekaru ina hango gajartar ƙyallensa.

Abin da mutane ba su sani ba, a bayan barkwancin nan ɗan jarida ne na gaske. Dokarsa ɗaya ce, ba a waƙe abin da ba a tabbatar ba. Bawa ya sha kawo mini ƙara a rumfa, yana cewa tun kakansa ake kiɗa a gidansu, bai taɓa jin makaɗin da ake bi wa waƙa da jan biro ba sai shi. Akwai lokacin da ya shirya baiti a kan wani mai sayar da itace, wai ya cinye daji guda. Lawali ya hau babur ya je dajin, ya bi kututture ɗaya-ɗaya, ya tarar busasshe mutumin ke tsinta, ya dawo ya soke baitin. Bawa ya ce ai baitin ya yi daɗi, Lawali ya ce ƙarya ma daɗi gare ta. Haka in wani Alhaji ya yi kyauta a fili, an yarda Bawa ya gode masa ya wasa iyayensa da kakanninsa, amma ba a yarda ya ce ya dasa itacen da bai dasa ba. Da wannan taurin kan shirin ya zagaye ƙauyukan ƙasar Kance, 'yan mata masu waƙar gaɗa suka shigo, samari masu jita suka shigo, har wani babban gidan rediyo na Yamai ya ɗauke shi wakili. Kawu ya sauko a hankali, suka shirya da ɗansa. Ni dai ba a sa da ni a sulhun ba.

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi sati biyu ba, yana da shekara talatin da 'yan kai. Na je duba shi gidan likita a Damagaram da hantsi, kuma wallahi tun a mota na shirya maganata, na haddace ta. Na tarar ya rame, sai idanu. Na zauna, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne: «Kare, yau ba haushi?» Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce: «Yau hutu nake, mai fenti, ka tsare mini garin.» Na ce a raina in ya warke na faɗa masa. Kwana biyu bayan nan muna zaune a zauren Kawu aka karanta sanarwar rasuwarsa a rediyon da ya fara aiki. Mai karantawa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, sannan ya ƙara da «wanda aka fi sani da», ya faɗi sunan nan a gaban Kawu da duk masu zaman makoki. Na sunkuyar da kai ban sake ɗagowa ba har aka watse.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu kowane yaro mai salula ɗan jarida ne, ya ɗauki hoton abu kafin ya san mene ne, ya watsa kafin ya tambaya. Ina jin da jan biron Lawali ya ƙare cikin yini ɗaya. Biki kuma sai a kafa amsa-kuwwa a sa waƙar da aka naɗa, makaɗi na zaune a gida yana kallon gurminsa a rataye, wannan kam da ya yi masa ciwo, don shi a wurinsa waƙar da ba ta ganin idon mai laifi ba ta gama aikinta ba. Leda tana nan, ta ma ƙaru, tabkin da ya yi wa kuka har yanzu fama ake da shi. Sana'ata ma inji ya shigo ya karɓe rabinta, yana buga ƙyalle sumul, kuma na lura shi ma yana tafka nasa kuskuren, sai dai shi ba shi da kawun da zai daina amsa masa gaisuwa. Amma ku bi hanyar Tsauni da rani ku dubi gonaki, ku ga gawo kore shar a inda da ƙasa ce tsirara. Ba zan ce Lawali ne ya yi ba, don da ya soke mini jimlar. Manoma suka rene su da hannunsu. Shi dai ya sa mai gatari jin kunya, kuma har gobe in mata na daka a Ɗan Barto za ka ji amshin nan na Bawa yana tashi tare da taɓarya.

Wannan duka bai sauke mini nawa nauyin ba, don haka watan jiya na yi ta maza na je wurin Kawu. Ya tsufa ƙwarai, yana wuni a zaure da carbi. Na durƙusa na ce na zo neman gafara kan sunan da na jawo wa ɗansa da gidansa, tunda mai sunan ya riga ni tafiya. Ya ce: «Iliya, da na raɗa masa Lawali, me na yi?» Na ce ya yanka rago. Ya ce: «Kai da ka raɗa naka fa?» Ya ce suna ba rago ai dole ya hana mai raɗa shi sakat, in tashi in nemo, kuma babba, ba ya son mai ƙaho kamar ɗan yatsa. Na tambaye shi ko Lawali ya taɓa cewa ya yafe mini. Ya ce bai taɓa jin ya ce na yi masa laifi ba, to me zai yafe. Ya ce ranar da suka shirya, abin da ɗan ya faɗa masa shi ne: «Baba, da ina Lawali kowa kashe rediyonsa yake yi.» Ban sani ba ko wannan ya isa gafara a wurin Allah, amma shi ne abin da na samu, kuma na riƙe shi hannu biyu.

Juma'ar da ta wuce muka yanka ragon a ƙofar gidan Kawu, aka raba sadaka. Bawa ya zo ba gurmi, ya zauna a gefe yana share ido da hannun riga. Da aka zo addu'a, limamin nan dai da ya kawo ƙara da safiyar wasan, shi ma yanzu da sanda yake tafiya, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙan Lawali ɗan Alhaji Mamman. Sai Kawu ya dafa shi ya ce: «Malam, ƙara ɗaya sunan, mutane su san wa suke cewa amin.» Malam ya yi gyaran murya sau biyu, ya dubi sama, ya faɗa. Aka amsa da amin ɗin da har 'yan tasha suka jiyo, wasu na dariya wasu na hawaye. Ni kam ranar na yi kukan da ban iya yi ba ranar jana'iza. Allah ya haskaka kabarinka, taubashina, ya sa inuwa ta tarbe ka a can.